Hoton Garken Malam Ja'e

Da wuya sati biyu su wuce wani matashi bai shigo shagona a Ƙofar 'Yandaka ya ce in koya masa tallan intanet ba. Kusan duk kamarsu ɗaya: waya mai tsada a hannu, sabon aski, da gaggawa. Su gaishe ni rabi da rabi su ce, "Malam Mannir, sirrin kawai muke so." Wai sun ga wani a bidiyo ya jingina da motar da ba tasa ba yana cewa daga kan katifa yake neman abincinsa. Na haura shekara ashirin a sana'ar nan, ko ƙosai ban taɓa ci daga kan katifa ba. Wasu kuma sun riga sun fara, sun yi wata shida suna ɗora hoton takalma babu wanda ya ce musu nawa ne, sai su zo da jajayen idanu suna tambaya ko asiri aka yi musu.

Sirrin da nake da shi guda ne, kuma ba da guminina na saye shi ba, da garken shanun wani bawan Allah ne mai suna Malam Ja'e. Amma kafin in kai ku rugarsa sai kun ji inda na koyi aikin, don kada wani ya yi mini uzuri ya ce rashin sani ne.

Lokacin da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, gari ya cika da fosta da alkawari, ni kuma ina zaman kashe wando. Ba a daɗe ba Malam Lawal, wani tsohon mai buga tafireta a sakatariya, ya ajiye aiki ya buɗe kafe, wato shagon shiga intanet, da kwamfuta huɗu a wannan shagon da kuke gani. Shi ya ɗauke ni. Aikina in share maɓallai da burushin fenti, in ja igiyar janareta har kafaɗata ta yi tsami, in buɗe wa manyan mutane akwatin imel, gobe su dawo sun manta kalmar sirrinsu su ɗora mini laifi. Intanet ɗin lokacin kuwa, sai ka danna shafi, ka je ka yi alwala ka dawo, ka tarar rabinsa ne ya sauko. Ku da kuke tsaki in bidiyo ya tsaya na ƙiftawar ido, ba za ku kai azahar a wurin ba.

Tallan farko da na yi na huluna ne. Malam Lawal ya lura Katsinawan da ke Legas da Fatakwal da ƙasashen waje suna neman hular gida in Sallah ta ƙarato, kuma yawancinsu shi ya buɗe wa iyayensu imel. Ya ba ni wata kyamara mai cin batir kamar me, ya tura ni wurin wani dattijo mai ɗinkin hula a bayan hasumiyar Gobarau. Na shimfiɗa tabarma a zaurensa, na jera huluna goma sha biyu, na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Na dawo ina jin kaina. Malam Lawal ya sa tabarau ya matso da fuskarsa, amma ba hular yake kallo ba, gefe-gefe yake bi da yatsa. A hoto na bakwai yatsan ya tsaya. Ashe iska ta ɗaga labulen ƙofar cikin gida, ana ganin igiyar shanya da bayan wata mata a bakin murhu.

Ya ce, "Wanga hwa?"

Na ce, "Malam, ai hula muke saidawa. Wa zai duba nan?"

Ya cire tabarau ya ce, "Wanda ba hula ya zo saye ba. Mutum ya ba ka zaure, kai ka ɗauko mashi tsakar gida. Koma."

A ƙasa na koma, rana tsaka. Tun daga ranar ya kafa mini doka: kafin hoto ya bar hannuna sai na duba kusurwarsa huɗu. Abin da mai kaya ya ba ni in nuna, shi kaɗai zan nuna, sauran amana ce. Na riƙe dokar nan shekaru, har ta zama kamar bismillar aiki.

Sauran abubuwan da ya koya mini ƙanana ne, amma su ne sana'ar, su ne kuma ba ku son ji. Ka ɗauki hoto da hantsi a inuwa, don hasken tsakar rana yana cinye launin yadi. Kada ka yi wa kaya kwalliyar da ba su da ita. Na taɓa gyara launin wata shadda ta yi kyau a ido, mai saye ya maido ta daga Kaduna da wasiƙar zagi a ciki, kuma bai sake saye a hannunmu ba. In akwai aibi a kaya, kai ka fara faɗa. In an tambaye ka, ka amsa da wuri. Ka yi haƙuri da mai tambayar nawa ne alhali ga farashi ka rubuta da manyan baƙaƙe. Ka yi haƙuri da Alhajin da yake so duniya ta san shagonsa amma kada maƙwabcinsa ya ga farashinsa, da Hajiya mai turaren wuta da za ta kira ka bayan awa ɗaya da ɗora talla ta ce, "Malam, har yanzu shiru?" Cikin masu tambaya da yawa kaɗan ne za su saya, saura sun zo kallon kasuwa ne. Wanda ba zai iya yi wa mutum na hamsin fara'ar da ya yi wa na farko ba, gara ya nemi wata sana'ar tun da sauran ƙarfinsa.

Da wayoyi masu intanet suka cika aljihun mutane, kafe ya mutu. Malam Lawal ya sayar da kwamfutocin ya koma gida da ciwon ido, ya bar mini shagon. Na koma talla a shafukan sada zumunta, nan na iske yara sun cika wurin, kowa da mabiya dubbai da ya saya, mabiyan da ba su sayen ko ashana. Amma masu kaya lamba suke gani. Ɗaya bayan ɗaya suka bar ni suka koma wurin yaran. Na yi watanni ina buɗe shago ina rufewa. A wannan halin ne na shiga wani darasi da wani gwani yake bayarwa ta waya. Maganarsa ɗaya ce kullum: nuna yawa, nuna asali, faɗi wuri, mutane ba su yarda da abin da aka ɓoye ba. Ga mai sayar da takalma a shago mai ƙofar ƙarfe, gaskiya ya faɗa. Bai taɓa ganin ruga ba, ni kuwa na gani, don haka ba shi nake zargi ba.

Ana sauran sati uku Babbar Sallah, wani ɗan acaɓa da ke tsayawa a bakin shagona ya ce surukinsa Malam Ja'e yana da bijimai biyu na layya, ya gaji da yadda dillalan kara, kasuwar dabbobi, suke yi masa, ko zan iya samo masa mai saye kai tsaye? Ban bari ya ƙarasa ba na ɗauki waya. Ya goya ni muka yi yamma da gari, muka bar kwalta, muka wuce wani famfon tuƙa-tuƙa, muka karya wajen wani dutse mai tsage a tsakiya. A lokacin an fara jin labarin ɓarayin shanu, amma mu a birni muna jin sa kamar labarin wata ƙasa.

Malam Ja'e dogo ne siriri, mai magana a hankali. Muka gaisa har na gaji da amsawa: gida, iyali, gajiya, rana, hanya, mutanen birni. Aka kawo nono mai sanyi a ƙwarya. Sai ya tashi da kansa ya kewaya, ya jawo bijiman nan biyu da igiya, ya kai su wani fili nesa da bukkoki inda babu komai sai ƙasa da wata bishiyar aduwa. Kowa a ƙasar nan ya san makiyayi ba ya faɗin adadin shanunsa, ba ya kuma son baƙo ya tsaya yana ƙare wa garkensa kallo. Ko ɗan'uwansa ya tambaye shi nawa gare shi, sai ya ce 'yan kaɗan ne, alhamdulillahi. Ni ma na sani. Duk da haka bai bar ni da sanina ba, ya faɗa mini da bakinsa.

Ya ce, "Malam, waɗanga biyu za ka ɗauka. Su kaɗai na ba ka."

Na ce, "In sha Allahu, Baffa. Ai aikina ne."

Na ɗauke su gaba da baya da gefe, na ɗauki haƙora da tozo. Aiki ya yi kyau. Da la'asar ta yi ya tafi alwala, ni ina tsaye ina jiran ɗan acaɓa, sai ga garken yana dawowa daga kiwo. Farare da jajaye, ƙahoni a sama, 'yan maruƙa na tsalle a gefe, ga dutsen nan mai tsage a bayansu rana ta haske shi. Duk mai aikin hoto ya san irin wannan lokacin, ba ya dawowa. Na waiga na ga bayan Malam Ja'e a tsugune. Na ɗaga waya na ɗauka sau ɗaya, na mayar aljihu. Na ce wa kaina ajiyewa zan yi don sha'awa.

Na ɗora hotunan bijiman. Kwana uku babu mai saye. Abin da ya biyo baya sai baƙar magana: wani ya ce hoton sata ne, wani ya ce ɗan damfara ne, ina aka taɓa sayar da sa a waya, wani ya ce in da gaske ne a nuna inda suke. Sallah tana matsowa, ɗan acaɓa kullum sai ya leƙo ya ce surukinsa yana tambaya. A rana ta huɗu na buɗo hoton garken. Na duba kusurwa huɗu, wallahi na duba. Na ga dutsen, na ga bukka guda a gefen hagu, na ga ana iya ƙirga shanun ɗaya bayan ɗaya. Na tuna Malam Lawal, na ce shi zamaninsa ya wuce. Na ɗora, na rubuta a ƙasa cewa daga garke ne kai tsaye babu dillali, na kuma kwatanta hanya tun daga inda kwalta ta ƙare, don mai shakka ya je ya gani da idonsa.

Kafin magariba wayata ta yi zafi. Aka yi ta yaɗa hoton, mutanen da ban sani ba suna yabon shanun, suna yabon mai ɗauka. Bijiman suka tafi cikin kwana biyu, da daraja fiye da ta kara. A cikin masu kira akwai wani mai ladabi, da ya gaishe ni har da tambayar iyali. Ya ce maigidansa yana son shanu da yawa don wata gona. Ya tambaya duka garken na mutum ɗaya ne? Na ce na mutum ɗaya ne. Ya ce akwai wasu rugage kusa, ko za a haɗa da nasu? Na ce a'a, shi kaɗai ne a wajen. Ya ce babbar mota tana shiga, ko akwai wata hanya ta baya? Na ce ta bayan dutse akwai burtali. Ya ce a nan suke kwana ko ana kai su wani wuri? Na amsa. Duk na amsa, da wuri, da fara'a, kamar yadda aka koya mini. Ya yi godiya ya ce zai kira bayan Sallah.

Bayan Sallah da 'yan kwanaki, da hantsi, ɗan acaɓan nan ya shigo shagon. Bai zauna ba, bai kashe babur ɗinsa ba. Ya ce an kore garken Malam Ja'e gaba ɗaya, ta burtalin bayan dutse, ba a bar ko ɗan maraƙi ba. Ya ce rai dai bai salwanta ba. Sannan ya ce, "Malam, an nuna mashi hoton a waya tun kahin Sallah. Ya ce in ƙyale ka, wai ƙila ba ka ji shi da kyau ba." Ya fita.

Na kira lambar mai ladabin nan, a kashe. Na yi ta kira har wata guda, ba ta sake shiga ba. Na goge tallan, amma me gogewa za ta yi wa abin da ya riga ya shiga wayar mutum dubu? Abokai suka yi ta ba ni baki: ai ɓarayin suna da masu kai musu labari, ai ko babu hotonka za su je, ai an kore na wasu da ba a taɓa ɗaukarsu hoto ba. Yana iya zama haka. Amma mutumin nan ya ja bijimansa da hannunsa ya kai su fili don kada a ga saura, ya kuma faɗa mini da baki. Wannan babu abokin da zai goge mini shi.

Na je wurin Malam Lawal na iske shi a zaure, idon ya kusa tafiya. Na ba shi labari ina ta kewaye-kewaye. Ya bari na gama ya ce, "Ka duba kusurwa huɗu?"

Na ce, "Na duba, Malam."

Ya ce, "To da ka ce mani ba ka duba ba, da na samu abin da zan ce maka." Ya juya ya ci gaba da jan carbinsa.

Kowane mai sana'a yana da shekarar da yake kira baƙar shekara, ta rashin ciniki. Tawa ita ce shekarar da na fi kowace samun aiki. Hoton nan ya ɗaga sunana. Masu shaguna da suka guje ni suka dawo suna cewa, "Kai ne mai hoton shanun nan? Irin shi muke so." Babu wanda ya tambayi ina shanun suke. Na karɓi aikin, na gyara shago, na sa fanka. Rugar kuwa ban je ba. Kullum sai in ce gobe, har na ji sun tashi. Wannan ita ce sana'ar da kuke cewa ba ta da wahala: wanda ya yi kuskuren daban, wanda ya ɗauki asarar daban, kuma yabo ake yi wa na farkon. Har yau in na ji wani yana koya wa yara wai su nuna komai don a yarda da su, raina ɓaci yake, don na san ba shi zai kwana a inda aka nuna ba.

Don haka kai mai farawa, da kai da ka yi wata shida babu ciniki, ku ji. Ranar da kasuwa ta ƙi, ranar ce hannunka zai kai ga abin da ba a ba ka ba: cikin ɗakin ajiyar mai kaya, fuskar matarsa, ƙofar gidansa, lokacin da yake rufe shago. Kuma zai yi aiki, nan ne matsalar, zai jawo mutane fiye da duk abin da ka taɓa ɗorawa. Ka bar tallan ya mutu. Ka koma wurin mai kaya ka ce ban samu mai saye ba, ka sha kunyar. Mai tambayar da ta wuce kaya da farashi, ya koma tambayar hanya da makwanci, ka ce ya zo shago ku gaisa. Mai saye na gaskiya zai zo.

Shekara huɗu ko biyar bayan haka, wata ranar Laraba da azahar, wani mai tura kurar ruwa ya tsaya a bakin shagona. Na ce ba mu buƙata. Ya jingine kurar ya yi sallama ya shigo, ya cire takalman roba a bakin ƙofa. Sai da ya fara gaisuwa na gane muryar. Ya rame, kafaɗarsa ta sunkuya, tafin hannunsa duk kanta. Ya tambayi gida, iyali, gajiya, rana, kasuwa, bai tsallake ko ɗaya ba. Ni ina amsawa. Na fara cewa, "Baffa, ni dai tun lokacin nan..." sai ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Ba wanga ya kawo ni ba, Malam. An ce mani ku ba ku yar da hoto. Ko wancan yana nan?"

Yana nan. Na canza waya sau uku, yana bina. Na buɗo shi a kwamfuta na juya masa fuskarta. Ya matso da kujera. Sannan ya sa yatsa a gilashin, ya fara kiran su da sunayensu.

"Ga Wule. Ga ɗiyarta, wagga da ke bayanta. Ga Fure, ita ce ba ta son a riga ta shan ruwa. Saige ce nan, tana da ciki lokacin. Wagga uwarta tun ta babana ce."

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, mutumin da bai taɓa yarda a ƙirga masa shanu ba, har ya kai kusurwar ƙarshe inda wani ɗan maraƙi ya ɗaga ƙafa. Ya ce yana da ɗa ƙarami da aka haifa a birni, bai taɓa ganin su ba, in yana ba shi labari sai yaron ya ɗauka tatsuniya ce. Ko zan iya fitar masa da shi a takarda?

Na fitar masa a takarda mafi kyau da nake da ita, na sa a leda don kada ruwa ya taɓa. Ya karɓa da hannu biyu, ya sake dubawa, ya gyaɗa kai.

Ya ce, "Ka iya ɗaukar hoto, Malam. Duk sun hito, ba wadda ta ɓace."

Ya cusa shi cikin riga ta wajen ƙirji, ya sa takalmansa, ya kama kurar ya tura ta wajen Gobarau.